Kama da Wane Ba Ta Wane

Ya kai mai karatu, kafin in ba ka labarin abin da na gani a ƙasar Ingila, bari in fara shigar da kai ɗakin mahaifina. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Aiki ya kai shi Zariya, ya kai shi Kafanchan, ya kai shi Inugu, kuma duk inda ya zauna sai ya dawo da wani abu na mutanen wurin, ko kalma, ko abinci, ko kiɗa. A kusurwar ɗakinsa akwai garmaho da tarin fayafayai. Akwai na Alhaji Mamman Shata, akwai na Ɗan Maraya Jos, akwai na Rex Lawson da na Victor Olaiya. A cikinsu akwai wani faifai guda mai hoton samari huɗu Turawa, gashinsu ya sauko har goshi. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi kyauta. Sunan ƙungiyar samarin The Beatles.

Turancin Baba na ofis ne, bai taɓa kama kalmomin da samarin nan suke furtawa ba. Duk da haka akwai wata waƙa mai sanyi a faifan da yake so ƙwarai. Ranar Lahadi da safe, yana goge takalminsa na aiki, sai ka ji yana bin karinta da hanci, ba tare da ya buɗe baki ba. Ni kuwa a lokacin Shata ne gwanina. Nakan sami gwangwani in rataya a kafaɗa, in tsaya a tsakar gida ina kwaikwayon muryarsa. Wata rana Baba ya leƙo ya gan ni, ya yi dariya ya ce, "Kama da wane ba ta wane." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta zauna mini a rai. Na jefar da gwangwanin. Tun daga ranar na ɗauka cewa duk mai kwaikwayon wani abin dariya ne, kuma na yi shekaru masu yawa a kan wannan ra'ayi.

Ya kamata ka san ko su wane ne waɗannan samari, domin labarin ya yi maka ma'ana. An kafa ƙungiyar The Beatles a birnin Liverpool a 1960. Wataƙila ka san birnin ta hanyar ƙwallon ƙafa. Su huɗu ne aka fi sani: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, wanda ya shigo a 1962 a matsayin mai kiɗan ganguna. Irin kiɗansu shi ake kira rok, kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki da ganguna da murya, wanda tushensa yake cikin kiɗan baƙaƙen fata na Amurka. Cikin 'yan shekaru sunansu ya game duniya. A watan Agustan 1965 mutane fiye da 55,000 suka taru a filin wasa na Shea a birnin New York domin su gan su. Ihun jama'a yakan yi yawa har su kansu makaɗan ba sa jin abin da suke kaɗawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa suka daina yawon wasa. Wasansu na ƙarshe a gaban masu biyan kuɗin shiga sun yi shi a San Francisco ranar 29 ga Agusta, 1966. A 1970 ƙungiyar ta watse. An harbe John Lennon a New York ranar 8 ga Disamba, 1980, George Harrison kuma ya rasu a 2001. Ka ga ke nan babu sauran mai rai da zai sake ganin su huɗun a kan dandamali ɗaya.

Bayan rasuwar Baba, zafin rana ya lanƙwasa faifan nan, garmahon ma ya lalace. Na san da zan nemi waƙar a intanet zan same ta cikin minti ɗaya, amma ban taɓa nema ba. Ina tsoron abin da za ta tono mini.

Shekarun baya aka tura ni Ingila wani gajeren kwas na malamai. A ƙarshen watan Agusta wani abokin karatuna ya ce in raka shi Liverpool, domin a wannan lokaci ne ake yin makon tunawa da Beatles, inda ƙungiyoyi daga ƙasashe masu yawa suke zuwa su yi kiɗan Beatles dare da rana. Na tambaye shi, "Su wa za su yi kiɗan, alhali masu shi sun watse tun 1970?" Ya ce masu kwaikwayonsu. Na yi tsaki a raina. Na ce masa zan bi shi ne don in ga gari kawai, ba don in saurari jabu ba.

Da rana muka isa wani siririn titi mai suna Mathew Street. Nan ne gidan wasa na Cavern yake, wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai rufin jan bulo, lanƙwashe kamar cikin randa. A wannan wuri Beatles suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963. Muna sauka kan matakala, zafi da hayaniya suka tarbe mu. Abokina ya raɗa mini cewa ɗakin ma ba shi ne na asali ba. An rufe na asalin a 1973 saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka cike shi da ƙasa, sai a 1984 aka sake gina wannan da wasu daga cikin tsofaffin tubalan. Na ce a raina, to ga shi nan, ɗaki jabu, makaɗa jabu. Na sayi lemo na raɓe a jikin ginshiƙi.

Sai ga mutum huɗu sun hau dandamali, sanye da kwat iri ɗaya marar kwala, da gashin aro da ya sauko musu goshi. Da na dube su da kyau sai na ga ashe 'yan ƙasar Japan ne. Dariya ta kusa kuɓuce mini. Mai ganga ya buga sandunansa sau huɗu, suka ɗauki kiɗa. Ya kai mai karatu, gani ya kori ji, amma ni ranar ji ne ya kori gani. Na rufe ido, sai na ji ni a ɗakin Baba. Nauyin jitar, da yadda muryoyi uku suke hawa kan juna, da ɗan jinkirin da mai ganga yake yi kafin ya sauke sanda, duk kamar daga bakin garmahon nan suke fitowa. Da suka zo waƙa ta biyar ko ta shida, sai na ji sun ɗauko wadda Baba yake bi da hanci. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

A kusa da ni akwai wata tsohuwa Baturiya, tana riƙe da sandar dogarawa. Ta miƙo mini hankici ba tare da ta tambaye ni komai ba. Da aka tafi hutu muka yi hira. Ta ce tun tana budurwa, tana aiki a wani ofis kusa da nan, takan zo Cavern lokacin hutun cin abincin rana ta kalli Beatles na gaskiya, kafin duniya ta san su. Na ce, "Iya, ke da kika ga na asali, me kike nema a wajen waɗannan?" Ta yi murmushi ta ce, "Ai na san ba su ba ne. Ni ma ba yarinyar nan ba ce. Amma waƙar ita ce dai." Na rasa abin da zan ce mata.

Bayan wasa na ga mai kwaikwayon Paul McCartney yana naɗe wayoyinsa, na je na gaishe shi. Abin mamaki na farko shi ne, mutumin da ya gama rera waƙa da Turanci irin na mutanen Liverpool, ba tuntuɓe ko ɗaya, da ƙyar yake iya haɗa jimla guda a hira. Da Turancinsa na tsinci-tsinci da nuni da hannu muka fahimci juna. Abin mamaki na biyu, da ya ɗauki biro zai rubuta mini sunan garinsu, sai na ga da hannun dama yake rubutu, alhali da hagu ya yi kiɗa. Paul McCartney bahago ne. Saboda haka wannan bawan Allah ya juya jitarsa, ya koma ɗan koyo bayan ya riga ya ƙware da dama. Ya ce shekara biyu ya yi yana fama kafin hannun hagu ya yarda da shi. Na tambaye shi dalili, tunda sautin ɗaya ne ko da wane hannu aka kaɗa. Ya ɗauki jitar ya nuna mini. Idan bahago da mai hannun dama suka tsaya a gaban makirufo ɗaya, wuyan jitar kowannensu yana kallon waje, sai su iya haɗa kai su rera tare ba tare da sun yi karo ba. Haka Paul da George suke tsayawa, kuma haka masu kallo suke tuna su.

Daga wannan hira, da abin da na bincika daga baya, na gane cewa aikin nan ba wasa ba ne. Masu yin sa sukan fara da neman kayan kiɗa irin na wancan zamani. Jitar Paul mai kaurin murya ƙirar kamfanin Höfner ce ta Jamus, mai siffar gogen Turawa. George yana da jita ƙirar Rickenbacker mai tsirkiya 12, wadda take ba da amo kamar ƙararrawa. Akwatunan ƙara sautinsu ƙirar Vox ne, gangunan Ringo kuma ƙirar Ludwig. Ringo shi ma bahago ne, amma a kan gangunan da aka jera wa mai hannun dama yake kiɗa, shi ya sa zagayensa a kan ganguna yake da wani salo da yake wahalar kwaikwayo. A shekarun ƙarshe yakan shimfiɗa tawul na goge kwanuka a kan fatar ganga domin ya rage mata amo. Mai kwaikwayonsa dole ya san a wace waƙa aka sa tawul, a wacce ba a sa ba. Bayan kaya sai murya, bayan murya sai tsayuwa. John yakan ware ƙafafu ya ɗaga jita har ƙirji. Idan sun gama waƙa, su huɗun sukan rusuna wa jama'a a lokaci guda, kamar yadda manajansu Brian Epstein ya koya musu. Duk waɗannan sai an zauna an nazarce su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ban taɓa tunani a kansa ba. Bayan 1966 Beatles sun koma ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road a Landan, tare da mai tsara musu kiɗa George Martin. A nan suka yi fayafayan da ake ganin sun fi kowanne zurfi, irin su Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1967 da Abbey Road na 1969. Sun yi amfani da dabarun na'ura, suna ɗora sauti a kan sauti, kuma a waƙar A Day in the Life kaɗai sun gayyato makaɗa 40. Galibin waɗannan waƙoƙi Beatles ba su taɓa yin su tare a gaban jama'a ba. Masu kwaikwayo ne suka fitar da su daga faifai suka hau da su dandamali. Ƙungiyar The Bootleg Beatles, wadda aka kafa a Ingila a 1980, takan yi yawo da masu goge da masu busa domin wannan dalili, kuma ta daɗe tana aiki fiye da ninkin shekarun da Beatles ɗin kansu suka yi tare. Hausawa sun ce rashin farin wata tauraro ke haske. A nan tauraron har ya haska wani lungu da watan bai kai gare shi ba.

Ba Beatles kaɗai ake yi wa haka ba. Sunan da Turawa suke kiran irin waɗannan ƙungiyoyi da shi yana nufin karramawa, wato makaɗan da suka taru don girmama wasu makaɗan. A birnin Adelaide na Ostareliya an kafa wata ƙungiya a 1988 mai kwaikwayon Pink Floyd. Ta ƙware har David Gilmour, mai jitar Pink Floyd ɗin, ya gayyace ta ta yi wasa a bikin cikarsa shekara 50 a 1996. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar Judas Priest ta ɗauki Tim Owens a matsayin mawaƙinta, bayan ta ga bidiyonsa yana waƙa a wata ƙungiya mai kwaikwayonta. A 2007 ƙungiyar Journey ta Amurka ta ga Arnel Pineda, ɗan ƙasar Filifin, yana rera waƙoƙinta a YouTube, ta kira shi ya zama mawaƙinta. Mai aron riga ya wayi gari rigar ta zama tasa.

Kada ka ce na manta da gefen da ba shi da kyau. Akwai bambanci tsakanin aro da sata, kuma makaɗa suna kishin abinsu. A 1973 Paul McCartney ya zo Legas ya ɗauki faifansa Band on the Run. Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, har sai da Paul ya kunna masa abin da ya ɗauka domin ya ji da kunnensa. Mai karramawa na gaskiya yana fita daga wannan zargi ne ta hanya ɗaya: yana faɗin sunan mai abu a fili. Ba ya cewa shi ya ƙirƙira. A Ingila gidajen wasa suna biyan kuɗin lasisi, a raba wa waɗanda suka rubuta waƙoƙin. Haɗari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mutum yana iya shafe shekara talatin cikin gashin aro da muryar aro, har ya manta yadda tasa muryar take. Na tambayi mutumin nan na Japan ko yana da waƙoƙin kansa. Ya ɗan ji kunya, ya ce yana da su, da harshensu, yakan rera su a wani ƙaramin gidan shayi a garinsu. Ya ce duk abin da ya sani game da yadda ake gina waƙa, a wajen kwance waƙoƙin Paul ya koya, kamar yaron makaniki da yake kwance inji don ya ga yadda aka ɗaura shi.

Su Beatles ɗin ma haka suka fara. A gidajen rawa na birnin Hamburg a Jamus, daga 1960 zuwa 1962, sukan yi sa'o'i masu yawa kowane dare suna kaɗa waƙoƙin Chuck Berry da Little Richard da Buddy Holly. Babban faifansu na farko, wanda ya fito a 1963, yana da waƙa 14, kuma 6 daga ciki na wasu ne. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa.

Yanzu bari in gaya maka dalilin da ya sa na kawo maka wannan labari a littafin koyon Hausa. Kai ma aikin mutumin nan na Japan kake yi. An haife ka da wani harshe, ko Yarbanci, ko Ibo, ko Efik, ko Tibi, ko Ijo, ga shi kana juya bakinka kamar yadda ya juya jitarsa. Na san abin da yake faruwa a aji. Idan malami ya ce ka furta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ts, ka yi ƙoƙari ka fitar da su kamar Bahaushe, sai wani a bayan aji ya yi dariya ya ce kana kwaikwayon mai suya. Sai kunya ta kama ka, ka koma furta su yadda ya fi maka sauƙi. Irin wannan kunyar ce ta sa na jefar da gwangwanina, kuma har yau ina nadama. Ka tuna cewa ƙasa daban, kasa daban. Bari daban, ɓari daban. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama rubutunsu ɗaya, sai a baki ake bambance su. Wanda ya ƙi kwaikwayo ba zai taɓa raba waɗannan ba, ko da ya haddace ƙamus.

Saboda haka ka yi yadda makaɗan nan suke yi. Ka zaɓi murya ɗaya da take burge ka, ta mai karanta labarai a rediyo ko ta malaminka. Ka ɗauki jimla guda, ka saurare ta sau goma, ka lura da inda murya ta hau da inda ta sauka, da wasalin da aka ja da wanda aka gajarta, sa'an nan ka maimaita da ƙarfi. Idan kana Ibadan ka je Sabo, idan kana Legas ka je Agege, idan kana Owerri ka je unguwar Hausawa. Ka yi sallama, ka gaida dattijo da "Ina kwana, Baba?" ka saurari yadda zai amsa, ka kwaikwayi har yadda yake jan gaisuwar. Zai yi murmushi, wataƙila ma ya yi dariya, amma zai gyara maka, kuma gobe zai neme ka. Bahaushe yana jin daɗin wanda ya girmama harshensa, kamar yadda tsohuwar nan ta Liverpool ta ji daɗin baƙin da suka ƙetaro teku da waƙar ƙuruciyarta.

Ba na yi maka alkawarin cewa za ka zama Bakano ko Basakkwace. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wani ɗan amo na harshen mahaifiyarka zai zauna a cikin Hausarka har abada. Wannan ba aibi ba ne. Wata rana za ka wuce maimaita jimlolin wasu, ka faɗi abin da yake ranka da Hausa, ka yi ciniki, ka yi ta'aziyya, ka ba da labarin garinku ga wanda bai taɓa zuwa ba. Amma ƙofar shiga wannan ɗaki ita ce kwaikwayo, babu wata.

Da na dawo gida na nemi waƙar nan ta Baba, ta asali, na saurare ta ni kaɗai bayan sallar isha'i. Sai na lura da abin da ban lura da shi ba ina yaro. Akwai wani wuri da Baba yake karya karin, ya kai shi ƙasa kamar yadda mawaƙan Hausa suke rufe baiti, alhali a faifan sama yake tafiya. Ashe shi ma kwaikwayo yake yi duk ranar Lahadi, kuma bai taɓa yin sa daidai ba. Gaskiya ya faɗa, kama da wane ba ta wane. Yanzu idan ina goge takalmina nakan ji kaina ina bin waƙar da hanci, kuma idan na zo wurin nan, ƙasa nake kai ta, yadda Baba yake yi.